Tayar Ɓangaren Munina

Duk mai shiga Tunshat sai ya hau tudun yashin da ya tare bakin kwarin, babu wata hanya, kuma tudun ba ya ganin girman kowa. Isalmu ya tsufa yana hawansa da akori-kurarsa mai jan ƙafa huɗu, bai taɓa jin kunya a gindinsa ba. Sai bana, da ya taso daga Atar shi kaɗai bayan rasuwar matarsa Munina. Motar ta kai rabin tudun ta tsaya tana tona rami da tayoyin baya, na gaba kuwa ko motsi. Ya sauka ya rage iska, ya haƙa, ya sake gwadawa har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya ja da baya ya koma Atar, buhun shinkafa da jarkokin mai suna nan ɗaure yadda ya ɗora su.

A bayan tudun nan bukkarsa take, da rijiyarsa, da dabinonsa. Ga shi lokacin fure ne. In ba a hau an ɗaura wa matan dabino furen namiji ba kafin huda ta bushe, shekarar ta tafi a banza, kuma mutanen Tunshat ba sa komawa sai lokacin girbi. Amma ba dabinon kaɗai ne a kan layi ba. 'Yarsu Minatu, da ke aure a Nuwakshot, ta riga ta gyara masa ɗaki.

"Baba, ni ban hana ka ba," in ji ta a waya. "In motar ta hau tudun, ka tafi gidanka, ba zan sake magana ba. In ta ƙi, ka taho. Ba zan bar ka a bayan yashi da motar da ba za ta fito da kai ba."

"Za ta hau."

"To mun yi da kai?"

"Mun yi," in ji shi, don a lokacin bai ga abin da zai hana ba.

Garejin Mahfud yana bayan kasuwar dabbobi. Mahfud bakanike ne na gaske, sai dai bakinsa ya fi sifanarsa kaifi. Ya zagaya motar yana taɓa ta da ƙafa.

"Kawu, wannan motar fa ta girme ni. Ka bar ta ta huta mana."

"Ta girme ka, ta kuma fi ka ladabi. Duba min ita."

Mahfud ya ɗaga ta a kan jak da duwatsu, ƙafa huɗun duka a sama. Ya murɗa makullan nan biyu da ke cibiyar tayoyin gaba, waɗanda in ba a kulle su ba tayoyin gaba ba sa ja, ya sa giyar yashi, ya taka totur. Tayoyi huɗu suka juya ras.

"Ga ta nan, lafiyarta ƙalau."

"A sama," in ji Isalmu. "Ni kuwa ba a sama nake tuƙi ba."

Daga nan aka shiga farauta. Mahfud ya sauke ƙaramin akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ya tarar haƙoransa sun cinye, ya ce an kama ɓarawo. Ya samo na wata mota da ta fi wannan ƙuruciya ya ɗaura. Suka fita busasshen rafin bayan gari, motar ta nutse kamar ba a taɓa ta ba. Ya canza mahaɗan farfelar gaba, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Ya buɗe tulun da ke tsakanin tayoyin gaba, ya wanke, ya leƙa da tocila, bai ga laifin komai ba, ya rufe yana ƙunƙuni. Motar dai kullum ƙara lafiya take yi, tana ƙin abu ɗayan da ake nema a wurinta.

Isalmu ya mai da garejin gidansa. A gidan wani ɗan'uwan Munina yake kwana, mutanen kirki, amma sun ƙare maganar da za su yi masa tun ranar sadakar bakwai. Da safe yakan zo ya zauna a inuwar motar ya hura gawayi ya dafa shayi. Hannunsa kan jera kofi biyu, sai ya tuna, ya tura ɗayan wajen Mahfud kamar dama don shi ya ajiye. Curin sukari kuwa da sifana yake fasa shi. 'Yar gudumar tagulla ta fasa sukari tana aljihun ƙofar mota ta ɓangaren Munina, shi kuma tun da aka yi rasuwar bai buɗe ƙofar nan ba.

Kewarta ta fi damunsa in ya tuna gindin tudun. Can suke tsayawa kullum. Shi ya sauka ta hagu, ita ta dama, kowa ya murɗa makullin tayarsa. Shi yakan riga ta komawa kujera, ya taka kuloci, ya jira. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ta ƙwanƙwasa sau biyu da gudumar sukarin, alamar ta gama.

"Yaron mota ya ba da izini," yakan ce, sa'ad da take tattara lafayarta tana hawowa.

"Ka ja mu, direba. Wannan ɓangaren nawa sai da lallashi."

"Ai na sani tun ranar da aka kawo ki."

Maganar ke nan, ba ta canzawa, kuma ba ta taɓa gundurar su ba.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi ya shigo garejin neman igiyar fanka, ya ce ya bi ta kusa da Tunshat da raƙumansa, dabino ya buɗe sosai, na bakin rijiya ma har sun fara zubar da fure. Isalmu ya juye shayin da ya rage a ƙasa. Da la'asar Minatu ta kira, ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi abin da ya ci, ba ta tambayi motar ba. Wannan ya fi masa ciwo da a ce ta tambaya.

Washegari Mahfud ya ce, "Yau ba a gareji za mu yi ba. Mu koma rafi. Kai ka tuƙa, ni in kwanta in ga ƙaryar da take yi mana."

Suka je. Isalmu ya kulle tayoyin da hannunsa, hagu da dama, kowanne har kan alama. Ya shiga yashi mai laushi, motar ta nutse. Mahfud ya kwanta rub da ciki a gefe, yashi na watsuwa a kansa.

"Taka! Ƙara!" Sai ya ɗaga hannu. "Tsaya haka. Farfelar gaba na juyawa, Kawu. Ƙarfi na zuwa, a hanya yake zubewa."

"Ina?"

"In ƙafa ɗaya ba ta kama ba, duk ƙarfin can yake gudu, ɗayar ma ta zauna. Taka kaɗan-kaɗan."

Mahfud ya sa kunne a tayar hagu, ya zagaya ya tsuguna a ta dama. Daga cikin cibiyar wani abu na yin ƙar-ƙar-ƙar a hankali.

"Wannan ce. A kan jak tana ɗan kamawa, don babu nauyi. Da ta ji yashi sai ta saki."

"Wannan ɓangaren bai taɓa ba mu matsala ba," in ji Isalmu, yana saukowa.

Mahfud ya jiƙa tsumma da fetur ya goge daskararren giris da ƙasar da suka rufe makullin. Ya goge, ya sake gogewa, sannan ya matso da fuskarsa. Gefen ƙarfen duk ya lotsa da ƙananan tabo, ɗaya kan ɗaya, ba su ƙirguwa, kuma a cikinsu akwai wani ɗan launi rawaya da ba na ƙarfen ba.

"Wa ke dukan wannan abin? Kuma da tagulla?"

Isalmu ya daɗe yana kallon tabon. Shi a zatonsa jikin mota Munina ke ƙwanƙwasawa. Bai taɓa gani ba, kullum yana ɗaya gefen. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar dama. Ƙamshin turarenta na nan a kujerar, ya ragu amma bai tafi ba. Ya zaro gudumar daga aljihun ƙofa, ya durƙusa, ya daki gefen makullin sau biyu, daidai inda tabon ya fi yawa. A bugu na biyu wani abu ya faɗa mazauninsa a ciki, ƙas.

Ya koma kujera ya saki kuloci. Motar ta tattaro kanta ta fice daga ramin da ƙafa huɗu.

Mahfud ya bi ta a guje yana dariya. "Wallahi na sauke rabin motar nan a banza! Ashe maganin na wurin masu shayi." Da ya iso taga ya ga fuskar tsohon, sai dariyar ta tsaya. "Ta Hajiya ce?"

"Tata ce."

"Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Ta gaya min," in ji Isalmu. "Kullum tana gaya min."

Abin da bai faɗa wa Mahfud ba shi ne fitowarsu ta ƙarshe daga Tunshat, ranar da ya kawo ta asibiti. Ko zama ba ta iya yi sosai. A gindin tudun, ta ɓangaren Tunshat, ya ce ta yi zamanta, shi zai zagaya ya kulle. Ta ƙi. Ta sauka tana dafa ƙofa, tana dafa bonet, shi yana yi mata faɗan taurin kai, wai ƙwanƙwasa mota har ta fi ranta. Ya ji ƙwas, ya jira, ya jira, sannan ya ji ta biyun. Yanzu ya gane da ba ta sauka ba, da a nan za su zauna.

A gareji Mahfud ya kwance makullin ya nuna masa cikinsa. Murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke tura zoben haƙora ta mutu tun tuni, zoben kan tsaya a rabin hanya sai an girgiza shi.

"Zan sa maka sababbi guda biyu, masu ƙarfi, irin na motocin masu haƙar ma'adinai. Ka murɗa kawai, su kama."

"Ka mayar min da wannan. Na san maganinsa yanzu."

"Kawu, yau guduma ta tashe shi, gobe ba za ta tashe shi ba. Kuma kai kaɗai ne a bayan tudun nan. In wani abu ya same ka, da wane ido zan kalli Minatu?"

Isalmu ya so ya yi gardama, amma ya san gaskiya yaron ya faɗa. Ya koma inuwa ya zauna yana jin ana ɗaure notuna.

Washegari ya isa gindin tudun da hantsi. Ya sauka ya rage iskar tayoyi, ya murɗa makullin hagu, ya zagaya ta gaban mota ya murɗa na dama. Sababbin suka kama da taushi, ko ƙara babu. Ya koma kujera, ya sa giyar yashi, ya taka kuloci. Inji na aiki, rana na hawa, ƙafarsa ta ƙi sakin kulocin. Sai da ya ɗan jima ya gane abin da yake jira.

Ya sauka da gudumar, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa sabon ƙarfen sau biyu. Ƙarar ta fito siririya, iska ta ɗauke ta. Ba ita ce wadda ya sani ba. Waccan ta cikin ƙarfen mota take biyowa har kujera, mutum ya ji ta a bayansa, kuma sai wanda ke zaune ciki yake jin ta. Ya tsaya da gudumar a hannu, babu kowa a ciki, babu kowa a waje sai shi. Ya share idonsa da gefen rawani ya koma mazauninsa.

Motar ta hau tudun a tashi ɗaya, ko tari ba ta yi ba.

A saman tudun ne kaɗai waya ke kamawa. Ya tsaya. Ga Tunshat can ƙasa, ga dabinonsa da farin fure a wuyansu, bai makara ba. Ya kira Minatu.

"Ta hau."

"Alhamdu lillahi. To shi ke nan, Baba, alkawari alkawari ne. Me ya lalace a cikinta?"

Ya dubi kujerar dama, inda ya ajiye gudumar.

"Ɓangaren uwarki ne."

"An dai gyara?"

"An sa sabo," in ji shi. "Yanzu ba ya bukatar kowa."

Ya kashe wayar, ya sa giya, ya gangara gida.