Jiƙon Maɗaci

Duk abin da Jidda ta zama, shanun Bappa Sambo ne suka yi mata. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana marainiya a dajin Maradun, kuma da garkensa ta yi karatu har ta dawo tana koyar da ilimin sinadarai a Talata Mafara. Ɓarayin daji sun kore rabin garken, Bappa ya tsira da sauran ya koma Damri. Ana wata ga wata, sammore ta shiga cikinsu, cutar nan da ke ramar da saniya har ta kwanta. Allurar kasuwa kuwa an yi ta yi, kamar ruwa ake ɗura musu.

Mutanensu kan jiƙa sassaƙen maɗaci su ba dabba. Wata ta miƙe, wata cikinta ya ɓaci ta ƙara lalacewa. Jidda ta ƙudurta cewa abu biyu ne a cikin jiƙon, mai magani da mai cuta, kuma in ta raba su garken Bappa zai tsira.

Tana da abin rabawar. Jami'ar da ta yi karatu ta aiko wa makarantarsu wata tsohuwar na'ura, wani faifan ƙarfe mai ƙananan ramuka jere a cikinsa. Ruwa iri biyu ake zuba mata waɗanda ba sa gauraya, kamar mai da ruwa. Faifan ya yi ta juyawa da gudu, ƙarfin juyin ya danne ruwa ɗaya a ramukan, sannan a turo ɗayan ya riƙa ratsa shi ɗauke da jiƙon. Kowane sinadari da ruwan da ya fi so. Mai son na tafiya ya riga fita, mai son na zaune ya tsaya hira ya makara. A haka suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana tara kowanne a kwalbarsa.

Sai dai na'urar ba a garin nan aka haife ta ba, ba ta san ana ɗauke wuta ba. Da wuta ta tafi faifan zai tsaya, ruwan da aka danne ya kufce, komai ya cakuɗe, aikin wuni guda ya bi rariya. Ga shi ruwan da kansa daga Legas ake kawo shi, in ya ƙare sai jira. Ranar da janareto ya shaƙe ana dab da gamawa, Jidda ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, har mai gadi ya leƙo ya koma da sanɗa.

Hanyar Bakura, wadda ake bi a je Damri, ba ta biyuwa a lokacin saboda ɓarayi, sai waya. Kowace Juma'a takan kira Bappa, su jero gaisuwa tun daga gida har maƙwabta, sannan ta zo kan abin da ya dame ta.

"Bappa, yaya dabbobi?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Da sauƙi. Sai godiya."

Ita kuwa ta sani sarai makiyayi ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, ba ya kuma kai kukan asara wurin ɗiyar da ya raina. Ta sani, a gidan ta tashi. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, ga shi waya ba ta da fuska, kuma ita ma kunya ba ta barinta ta ce wa uba, faɗa mini gaskiya. Ga ta kuma a gajiye, tana son jin cewa akwai sauran lokaci. Sai ta karɓi "da sauƙi" ta koma kan na'urarta, har damina ta wuce.

Bayan girbi Allah ya ba ta wuni guda wuta ba ta ƙifta ba. Ta samu 'yar kwalba ta abin da take zaton shi ne maganin, ko gwada shi ba a yi ba. Da aka ce hanya ta yi dama, ta shiga motar Damri.

Ta iske Bappa a gindin bango yana tufka igiya. Suka gaisa kamar kullum, babu gaggawa. Tana amsawa idonta na bayan gida, inda turaku ke tsaye babu ko maraƙi, kashin shanun ma ya bushe ya zama gari.

"Bappa, sun tahi kiwo?"

Ya daɗe yana murza igiyar.

"Waɗanda sunka kwanta sun kwanta. Sauran na kai ma mahauta tun ba su zam mushe ba."

"Ina kak kai su?"

"Kasuwar Talata."

Kasuwar garinta ke nan. Daga tagar ɗakin aikinta ana jin kukan shanun kara. Ya koro su ya wuce ta bakin makarantarsu bai tsaya ba.

"Don Allah Bappa, mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Kina aiki, ɗiyata. Mi za ni ce miki?"

Ta rasa abin yi da kwalbar, sai ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta ya duba, ya yi ta sa mata albarka. Haushi ya kama ta, nasa da nata, ta rasa wanda ya fi laifi.

Don ya kashe maganar, ya juya wajen ɗaki ya kira matarsa yadda ya saba in an yi baƙo.

"Maimunatu, kawo ma Jidda nono!"

Can Inna Maimunatu ta fito kanta a ƙasa, ta durƙusa ta ajiye wa Jidda ƙwarya, ruwan rijiya ne a ciki.