Murɗin Bahago

Ranar da aka sace ɗana, duk unguwa ta riga ni ji. Na san dai bai kwana a gida ba. Satar ce ban da labari.

Sana'ata gyaran fanka da dutsen guga da duk wani abu mai jelar wuta. Shagona na tsakanin mai aski da mai sayar da katifa. Wayata mai madannai ce, a kira ni in amsa. Irin wadda ake shafawa kuwa tana hannun matata da 'yata, su ne masu jin motsin duniya.

Yaron shi ne autanmu, shekararsa sha shida. Uwarsa na ce masa Auta, ni ina ce masa Injiniya, kuma ba yabo ba ne. Ran Talata ya fita bai dawo ba. Kafin hantsin Laraba, yayarsa da muke kira 'Yar Jarida ta sa hotonsa a guruf ɗin unguwa na waya. Daga nan hoto ya yi fiffike.

Mai aski ne ya leƙo shagona, waya a hannu ɗaya, kumfa a ɗayan.

"Maƙwabci, sai haƙuri. Allah ya kuɓutar da shi daga hannunsu."

"Wa?"

Ya tura mini waya a hanci. Na ga wani yaro fari tas, fuska sumul kamar faranti, hanci a miƙe.

"Ɗan wa ne wannan?"

"Haba maƙwabci! Ɗanka mana."

"Ɗana baƙi ne, da ƙuraje, hancinsa irin nawa ne, ana iya ajiye kofi a kai."

"Ai gyara hoton aka yi. 'Yarka ta ce na ainihin bai dace ya shiga duniya ba."

Kafin rana ta yi tsaka, wata mata ta tura murya tana kuka, wai ta ga baƙar mota mai baƙin gilashi. Wani ya ce fara ce. Wani ya raba gardama, ya ce motocin biyu ne. Aka rubuta cewa yaron shi ne na ɗaya a ajinsu, ba ya ɗaga kai ya kalli babba, shi yake tsallakar da tsofaffi titi. 'Yar Jarida tana karanto mana a falo, uwarsa tana share hawaye tana cewa, "Haka yake, wallahi haka yake." Ni na yi shiru. Wanda nake ciyarwa sai an kira shi sau uku yake ɗauko tsintsiya.

Amma shirun nawa da dalili. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ran Talatar da safe sakamakon jarrabawarsa ya fito. Ya faɗi darasi uku. Ya kawo mini takardar a shago, ya ajiye, ya ɗauki filaya zai kama aiki kamar ba a yi komai ba. Ni aji uku na yi a makaranta, shi ya sa nake shaƙar hayaƙin dalma har yau, kuma na rantse nawa ba zai gaje ni ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Ajiye filayar nan. Tashi ka ba ni wuri. Kada in ƙara ganin ƙafarka, ko a shago ko a gida, sai ka zama mutum."

Ya ajiye, ya fita. Ban damu ba, don tunda aka haife shi fushinsa bai taɓa wuce lokacin cin abinci ba. Wannan karon ya wuce.

Na je wurin 'yan sanda, na faɗi tsayinsa da launin rigarsa, na haɗiye sauran. Matata ta tsare ni a bakin ƙofar kicin.

"Baban Auta, ba abin da ya haɗa ku?"

"Me zai haɗa ni da shi? Sa'ana ne?"

Ta dube ni, ta koma ciki. Abincin da ta ba ni ranar babu gishiri, haka na ci.

Ran Alhamis aka samu ɓarawo. Mai katifa yana da kyamara a saman ƙofarsa, aka tono bidiyo, dishi-dishi kamar an ɗauka ta cikin ruwan wanki. Ga wani yaro yana shiga motar mai kawo burodi. Mai aski ya nuna mini sau biyar.

Na ce, "Tafiyarsa ce. Amma da ƙafarsa ya shiga. Shi ma ya buɗe ƙofar."

"Kai ba ka san zamani ba, maƙwabci. Abu suke shaƙa wa mutum, ya bi su kamar tunkiya."

Mai Burodi dattijo ne mai tumbi, shekara goma yana shigowa layinmu yana yi wa yara hon. Samari suka tare shi a kwana, suka nuna masa hoton nan da aka wanke. Ya duba, ya rantse da Allah bai taɓa ɗaukar wannan yaron ba. Ya ce wani baƙin yaro mai hanci dai ya rage wa hanya ran Talata, ya sauke shi a shataletale. Suka ce ga shi nan, ya fara canza magana. Aka sace masa iskar taya huɗu. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi, wai don lafiyarsa. Kafin yamma hotonsa ya zaga da jan zobe a kai, har wani ya rubuta cewa dama burodinsa yana da wani irin ɗanɗano.

Abin ya dame ni. Na san bawan Allahn nan bai ci ba bai sha ba. Amma in buɗe baki in ce ni na kori ɗana, a gaban uwarsa da mutanen da ke cika mana falo suna jaje? Na ce bari in nemo shi tukuna. Na rufe shago kwana biyu. Na zaga tashar mota, filin ƙwallo, asibiti, gidajen abokansa. Ko ina na je sai a zaro waya a nuna mini farin yaron nan a ce ana nan ana dubawa.

Ran Asabar na buɗe shago don kawai in samu inda zan zauna ba a yi mini jaje ba. Ban gama share benci ba mai aski ya faɗo, kilifarsa ta aski a hannu, igiyarta na ja a ƙasa.

"Sabon labari! An gan shi a bakin iyaka, an aske masa kai, yana magana da wani yare."

Ban saurare shi ba. Idona na kan igiyar. An yanke ta kusa da filogi an haɗa, an naɗe da salatif.

"Wa ya taɓa maka wannan?"

Ya fara ƙifta ido. "Ka san ka rufe shago, ga mutane a layi..."

"Ba ni nan."

Na warware salatif. Haɗin waya iri-iri ne, kowane mai gyara da nasa. Namu, a raba silin wayar gida biyu, a saƙa su, a murɗe sau bakwai, a kwantar da bakin a ciki don kada ya huda salatif. Mutum ɗaya ya koya mini, ni ma mutum ɗaya na koya wa. Wannan haɗin namu ne, sau bakwai cif. Sai dai murɗin hagu ya yi maimakon dama.

Ɗana bahago ne. Shekara huɗu ina buge masa hannu a kan murɗin nan.

"Ina ka kai?"

"Wurin tsohon nan na bayan tsohuwar tasha. Shekaranjiya."

"Shi ya gyara?"

"Ina! Hannunsa rawa yake. Wani yaro ya miƙa wa."

"Yaya kamanninsa?"

"Wallahi ban ɗaga kai ba. Lokacin ake ta tambayata a guruf labarin ɗanka, ina amsawa."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na ce ya tayar da babur ɗinsa.

Tsohon nan maigidana ne. A wurinsa na koyi aiki. Rabona da shagonsa shekara ashirin, tun ranar da na ƙona injin wata fanka ya ce in ɓace masa da gani, ni kuma na ɓace. Shagon bai canza ba: gawarwakin fanka a rataye, rediyo mai tari, kujerar nan mai ƙafa uku da bulo. Yana zaune a ƙofa da tabarau a ƙasan hanci.

"Kai ne? Ka yi tumbi."

"Ina wuni, Maigida."

"Kayanka na ciki. Ya fi ka hannu, sai dai ya fi ka ci."

Yana can ƙurya a kan benci, ya juya baya, yana naɗin waya a injin fanka. Baƙi, da ƙurajensa, da hancinsa. Ban taɓa ganin hanci mai kyau irin na ranar ba. Ya juyo, ya gan ni, ya miƙe ya ɓoye hannun hagu a baya.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"An ce kana bakin iyaka."

"Na gani, Baba. Na kunna waya ran Laraba na gani, na kashe. Na so in dawo. To sun ce ni ne na ɗaya a aji. Sun ce ina tsallakar da tsofaffi titi. Ta yaya zan dawo da faɗuwa uku? Kuma kai ka ce sai na zama mutum."

Maigida ya ce shi bai san wata sata ba, wayarsa ta faɗa ruwa tun bara. Yaro ya zo ya ce shi ɗan wane ne, ya ga hancin ya yarda, ya ba shi katifa a ɗakin baya.

Na gaya wa yaron an kama Mai Burodi. Nan ya koma kan benci ya zauna.

Mai aski ya matso yana raɗa, ido na sheƙi. "Maƙwabci, abin mai sauƙi ne. A ce ya kuɓuto. Ya ɓalle taga, ya yi gudun kwana biyu a daji. A ɗan yaga masa riga. Kai ka fita kunya, shi ya zama gwarzo, ni na gano shi."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta shige ni. Minti guda na yi ina auna ta.

"Mai Burodi fa?"

"To... shi ai a hankali za a manta."

"Kai dai Allah ya sawwaƙe maka. Kunna abin ɗaukar hoton nan."

A nan ƙofar shagon na tsaya, yaron a gefena. Ban iya jawabi ba, don haka na faɗe shi yadda yake. Na ce ni ne uban yaron nan. Ba wanda ya sace shi. Ni na kore shi da bakina, na kuma ɓoye, har aka kama mutumin da laifinsa kawai rage wa yaro hanya. Na ce ba shi ne na ɗaya ba, darasi uku ya faɗi, ni kuma na faɗi wanda ya fi nasa. Na ce duk wanda ya sace iskar tayar Mai Burodi ya zo mu haɗu da famfo, ni zan fara bugawa.

Mai aski ya ce in sake, ban kalli kyamara ba. Na ce ya tura haka.

Da za mu tafi Maigida ya riƙe mini hannun riga. "Ni da na kore ka, shekara ashirin ina jiran ka gane wasa nake. Kai kwana huɗu ka biyo naka. An samu ci gaba."

Daga can ofishin 'yan sanda muka wuce. Mai Burodi na ganin yaron ya daka tsalle da tumbinsa. "Shi ne! Ga hancin! Tun ran Alhamis nake cewa mai hanci!" Na ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce ya ji, amma tayar baya ta hagu ni kaɗai zan buga. Na buga.

A gida uwarsa ta rungume shi, ta yi kuka, ta murɗe masa kunne, ta sake rungumewa. Ni ba ta kalle ni ba sai da ta zuba masa faranti na biyu.

"Me zai haɗa ni da shi, sa'ana ne?" ta ce, da irin muryata.

"Na yi kuskure, Maman Auta."

"Sake faɗa, ban kunna waya ba."

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari 'Yar Jarida ta shigo tana haki. An haɗa hoton da ta wanke da bidiyon da na yi, gefe da gefe, an zana kibiya a kan hanci. Mutum ɗari uku sun yarda cewa wanda aka dawo da shi ba shi ba ne, musanya aka yi, ni kuma an tsoratar da ni ne na yi shiru. Matar nan mai kuka ta sake turo murya.

Na ce ta bar su. Su ci gaba da neman farin, mu mun samu namu.

Mun yi yarjejeniya. Zai sake zama jarrabawar, da safe makaranta, da yamma shago. Ran Litinin da yamma aka kawo dutsen guga da igiya a tsinke. Na tura masa. Ya raba silin, ya saƙa, sai ya tsaya ya saci kallona, hannunsa a sama yana jiran duka.

Na ce, "Murɗa mana. Ni kake jira?"

Ya murɗa hagu, sau bakwai. Na miƙa masa salatif.