Garin Gero a Ƙofar Rahamatu

Kabo ya dawo Mawashi daga yaƙin Bama da akwatin ƙarfe, da tari, da wata ɗabi'a da ba wanda ya gane kanta. Da ya idar da sallar asuba sai ya share ƙofar ɗakinsa, ya yayyafa ruwa, ya durƙusa da garin gero a tafin hannu. Ya yi ɗigo-ɗigo a ƙasa, sannan ya zuba garin siriri kamar zare, yana kewaya ɗigon har bakin zaren ya koma inda ya taso.

A Indiya ya koya, kusa da Madaras, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibitin soja. Wata tsohuwa mai shara, Minaci, ita ke yin zanen da garin shinkafa a ƙofar ɗakin marasa lafiya. Ba ta jin Hausa, ba ya jin nata. Wata rana ya nuna mata dagin da ke jikin hularsa. Ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, tana dariya, baki ba haƙori. Kashegari ya tarar da dagin a ƙasa, a tsakiyar zanenta. Ranar ya fara cin abinci.

Gidan na wansa Ummaru ne, kuma Kabo ba shi da inda ya fi nan. Gonarsa ma tun yana can aka haɗe ta da gandu. Ummaru yana kau da kai, sai dai ya ce, "Soja, yau ma kaji za ka yi wa walima?"

Rahamatu, matar Ummaru, cikinta ya tsufa, ga shi ta sha haihuwa tana binnewa. Kabo yana ganin yadda take dafa bango in za ta miƙe. Ba shi da rubutu, ba shi da saiwa. Abin da ya taɓa tashe shi daga kwance kaɗai ya sani. Wata safiya ya je ƙofarta, ya yi mata zanen da ya fi kowanne girma.

Ta fito da buta, ƙafarta ta sauka cikin farin gari. Butar ta faɗi.

"Barbaɗe! Wayyo Inno, an yi mani barbaɗe!"

Kan ka ce me, maƙwabta sun leƙo ta kan darni. Ummaru ya dubi ƙasa, ya dubi hannun ƙanensa, fari fat.

"Mi ta yi maka?"

"Yaya, ba asiri ba ne. Can marhabin ake yi da shi. Kolam sunanshi."

"Ko lam ko alif, ba a ƙofar matata ba."

Wani ya yi dariya a bayan darni. Ummaru ko murmushi.

"Tururuwa ke cinye shi, Yaya. Sadaka ce."

"Sadakar wa? Su wa kake ciyarwa a gidana?" Ummaru ya nuna shi da yatsa. "Ka dafa Alƙur'ani ka bar shi har abada, ko ka bar gidan tun yau. Ba ni sake tona ƙaramin rami."

Kabo ya buɗe baki. Rantsuwar ba ta da tsawo. Amma ya san hannunsa, gobe da asuba da kansa zai nufi ƙwaryar gari. Ya shiga ɗaki, ya kinkimo akwatin.

Inno, mahaifiyarsu, ta fito da tsintsiya. Ta sunkuya, sai ta tsaya, tana karkata kai.

"Wannan ai dagi ne," in ji ta a hankali. "Irin na rigar ubanku."

Kabo ya tsaya a bakin zaure, akwati a ka. Ya jira Ummaru ya duba. Ummaru yana can yana wanke wa Rahamatu ƙafa, tana kuka, ta riƙe cikinta da hannu biyu.

Inno ta dubi surukarta. Ta yi bisimilla, ta sa tsintsiya.

Har ya hau hanyar Kankiya yana jin ƙarar sharar a kunnensa.