Kumfar Ƙwan Zabo

Da sunan Allah, wanda ya halitta zaƙi da ɗaci, ya sanya amfani a kowanensu ga wanda ya so daga bayinsa.

A daminar shekara ta 2005, wadda gero ya yi wuya a ƙasar Tawa baki ɗaya, Alhaji Malami na Birnin Ƙonni ya kwanta da zazzaɓi. Tsohon mai jigilar albasa ne, mutum mai riƙon addini da riƙon magana. Zazzaɓin ya sake shi bayan an kai shi asibiti, amma ya tafi da son abincinsa. Ɗiyarsa Zara ta dama fura, ta yi kunu, ta yi romon kaza, duka sai ya dube su ya juya fuska ga bango. Likita ya ce jiki ba ya da sauran cuta, abin da ya rage shi ne ya ci. Alhaji ya amsa cewa ya ji, kuma bai ci ba.

Yana da ɗa mai suna Alkasum, wanda ya bi motar albasa zuwa Kwatano ya daɗe bai dawo ba. A can ya sami aiki a wani otel, yana haɗa wa baƙi abin shan da shari'a ta hana. Ranar da labarin ya iso Ƙonni, Alhaji ya rantse da Allah a gaban mutane cewa ba zai ƙara shan abin da hannun Alkasum ya haɗa ba, ko da ruwan randa ne. Daga baya Alkasum ya tuba, ya bar aikin, ya dawo gida ya buɗe rumfar shayi kusa da tasha. Duk unguwa tana shan shayinsa, in ban da mahaifinsa.

Da Alkasum ya ga ƙasusuwan wuyan tsohon sun fito, sai ya je wurin Liman Zaidu, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce:

"Allah shi gafarta Malam, akwai wani haɗi da na koya can, mai tsami da ɗaci. Baƙi suna shan shi kafin abinci don shi buɗe musu ciki. Ina iya yin shi babu ɗigon haram. Ina so Baba shi sha."

Liman ya tambaye shi daga ina ɗacin yake zuwa. Alkasum ya ce a otel ana ɗiga shi ne daga wata 'yar kwalba, itatuwa ne masu ƙamshi da aka jiƙa cikin giya, amma shi zai dafa nasa da ruwa: ɓawon maɗaci, kanumfari, kimba, citta da busasshen ɓawon lemu. Liman ya ja tasbaha, sannan ya ce babu laifi a cikin waɗannan, da sharaɗin a dafa a sha a ranar, kada ya kwana. Game da rantsuwa kuwa, ya ce zai zo da kansa bayan la'asar.

Alkasum ya riga shi. Ya haɗa abin a rumfarsa, ya ba Zara ta kai wa tsohon a kofin gilashi, ba tare da ta faɗi wanda ya yi ba. Wannan kuskure ne, kuma Liman ya gaya masa haka daga baya. A ɗakin akwai Baƙo, taubashin Alhaji, wanda ke zuwa kullum dubiya yana cinye abincin da marar lafiya ya ƙi. Abin shan ja ne mai duhu, a samansa kuwa farar kumfa ta zauna, kaurin yatsa biyu, ba ta motsi.

Alhaji ya dube ta ya ce, "Zara, mi ne ne wanga?"

"Tsamiya ce, Baba."

"Na girmi uwarki da shan tsamiya. Ban taɓa ganin wadda ta sa hula ba."

Baƙo ya kai hanci ya sunsuna, ya ja da baya da sauri. "Malami, ashe da rabon ka yi maye kafin ka mutu. Burkutu ke yin wagga kumfa. Na gan ta da idona."

"A ina ka gan ta?"

"Wucewa na yi."

Haka Liman ya same su da ya yi sallama: kofin a tsakar ɗaki, kowa ya ja tabarmarsa nesa da shi. Alhaji ya ce tun yana yaro malaminsa ya karantar da shi cewa abin da aka jiƙa, idan ya tayar da kumfa, ya fita daga halal. Ya ce ya san hannun da ya yi wannan, kuma ga shaidar tubarsa nan tana fari a bakin kofi.

Liman ya zauna. Ya ce abin da malamin Alhaji ya faɗa gaskiya ne, Allah ya jiƙansa, amma kumfa alama ce kawai, abin da aka haramta shi ne maye. Akwai kumfar da abu ke tayarwa da kansa idan ya kwana ya ruɓa, akwai kuma wadda hannu ke tayarwa, kamar ta nono idan ana tatsa. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan wannan ba sai ya ga yadda aka haife ta. Ya aiki Zara ta kira ɗan'uwanta da kayan aikinsa.

Alkasum ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. Mahaifinsa bai amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba. Ya shimfiɗa buhu, ya jera kayansa: kofunan ƙarfe biyu, finjalin shayi na awo, ruwan tsamiya, lemun tsami, narkakken sukari, ƙanƙara a fulas, da butar shayi mai ɗauke da dafaffen ɗacin. Ya yi bismilla. Ya zuba ɗacin finjali guda, baƙi kamar tawadar allo, ɗakin ya cika da ƙamshin kanumfari. Ya bi shi da tsamiya, ya matse lemun, ya ƙara sukarin. Sannan ya ciro ƙwan zabo daga aljihu, ya fasa shi a bakin kofi, ya riƙa juya gwaiduwar daga ɓawo zuwa ɓawo har farin ya zube ciki.

"Ɗanye?" in ji Baƙo.

"Ɗanye, Baba Baƙo."

"Gwaiduwar fa?"

"Ba a sa ta."

"To miƙo ta nan, kada a yi almubazzaranci."

Alkasum ya kifa kofi ɗaya a bakin ɗaya, ya buga da tafin hannu suka kama juna. Ya miƙe tsaye ya ɗaga su daidai kafaɗarsa ya fara girgizawa da ƙarfi, idonsa a ƙasa. Ya buɗe, ya jefa ƙanƙara, ya rufe, ya sake girgizawa har ƙarfen ya yi gumi. Dattawan uku suna kallonsa, Baƙo ya ce wa Liman a hankali, ko ya kamata a yi wa yaron tofi. Da ya tace abin cikin gilashi, kumfar ta taso sannu a hankali ta zauna a sama, fara kamar ta farko.

Liman ya karɓa, ya yi bismilla, ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ta daɗe ba ta warware ba. Ya share gemunsa ya ce, "Halal ne. Ban ce da daɗi ba."

Alhaji ya ce, "Na ji, Liman. Saura rantsuwata. Ban taɓa karya rantsuwa ba tun da na balaga."

Liman ya juyo gare shi sosai. Ya ce wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, abin da aka hore shi da shi shi ne ya yi abin da ya fi alheri ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya ce Allah bai sanya sunansa don a yanke zumunta da shi ba, kuma jikin nan amana ne, ba a mayar da shi ga Mai shi da gangan. Ya ƙara da cewa kaffarar tana halatta kafin karyawa ko bayanta.

Kowa a wurin ya san abin da ya rage a rumbun gidan a wannan shekara, Zara ta fi kowa sani. Duk da haka Alhaji ya ce, "Kafin. Ba ni cin bashin Allah. Zara, ɗauko mudu."

Ba a sha wahalar samun mutum goma ba a daminar nan. Zara ta leƙa ƙofar gida kawai. Baƙo ya nemi a sa shi a lissafi, Liman ya ce a'a. Alhaji ya sa aka buɗe labule don ya ga kowane mudu da idonsa, a cike, ba a shafe ba. Kafin na ƙarshe ya tafi da nasa, sanyin ya tafi, kumfar ta kwanta, abin ya zama ruwa mai launin ƙasa.

Alkasum ya ce, "Baba, wanga ya mutu. Sai an sake."

"Sake. Kana da wani ƙwan?"

Yana da shi. Ya sake awo, ya sake girgiza, ya tace, ya matso a kan gwiwoyinsa ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa daga hannunsa, ya yi bismilla, ya sha a numfashi uku kamar yadda sunna ta koyar. Kumfa ta maƙale a gashin bakinsa, ba wanda ya gaya masa.

"Ɗaci ya yi yawa," in ji shi.

"Haka ake yin shi, Baba."

"Ban tambaye ka ba."

Ya ajiye kofin, ya jingina da bango, ya rufe ido. Liman ya fara tattara babbar rigarsa don ya tafi masallaci. Baƙo kuwa ya jawo kwanon tuwon da Zara ta ajiye tun azahar, ya buɗe murfin, ya naɗe hannun riga.

Alhaji ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Baƙo, ajiye kwanon nan. Alkasum, kawo mini ruwan wanke hannu."