Salansar Babur ɗin Tela

"Kai ne ka cire ta. Kada ka sunkuyar min da kai, kai ne, da wannan hannun naka mai baƙin mai."

Bakanike na tsugune gaban wani babur da ya kwance wa taya, sifana a hannu. Ya ɗago ya ga Inna tsaye a bakin rumfar garejin, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata, ƙafa ɗaya na ɗanta. Tafin hannunta na dama ɗaure da tsumma.

"Inna, ina kwana? Ga benci."

"Ban zo zama ba. Ina salansar babur ɗin Tela?"

Tela mijinta ne, bara Allah ya yi masa rasuwa. Bai bar wani abin kirki ba sai keken ɗinki da tsohon jan babur. Tun yaransu na rarrafe salansar babur ɗin ta tsage daga gindi, shi ya sa ƙararsa ba ta kama da ta kowa: sai ya yi tari biyu, ya yi gurnani, ya sake tari. 'Yan unguwa kan tsokane shi su ce, "Tela, jirginka ya sauka?" Ita kuwa tun daga kwanar mai faci take jin tahowarsa. Kafin ya iso ta sirka ruwan wanka, ta tanadi faɗan da za ta tare shi da shi. "Yaushe za ka gyara wannan abin kunyar?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce, "Gobe, ranki ya daɗe."

Bayan rasuwar, Auta, ƙaramin ɗansu, ya ɗauki babur ɗin yana zuwa aiki da shi. Duk yamma in tarin nan ya taso daga kwana, sai Inna ta tsinci kanta a tsaye kafin ta tuna. Daga kwanar zuwa ƙofar gida ba wata tafiya ba ce, amma a ɗan tsakanin nan mijinta na da rai. Abin da ya rage mata ke nan, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Jiya Auta ya ce zai kai shi a juye baƙin mai a ɗaure sarƙa. Da yamma ta zauna tana saurare. Shiru. Sai kawai ƙofa ta buɗe, ga Auta yana turo babur mai numfashi a hankali kamar kyanwa, da wani ƙarfe mai ƙyalli a gefensa. Ta kai hannu ta kama ƙarfen, ya babbake mata tafi. Gari na wayewa ta nufo gareji.

"Inna, tsohuwar salansar ta mutu," in ji bakanike. "Tsatsa ta cinye ta, da yatsa ma kina iya ɓula ta."

"Ni ma tsatsar ta cinye ni. A cire ni ne? Mai aka ce ka juye, sarƙa aka ce ka ɗaure. Wa ya aike ka gindin babur? Shekara da shekaru Tela na kawo maka shi, ba ka ga tsagar ba sai da ya kwanta dama?"

Bakanike ya ajiye sifana, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Shi ma furfura ta fara cin gemunsa.

"Na gani. Ba kawowar da zai yi ban ce bari in kai wa mai walda ya like ta ba. Sai ya riƙe min hannu ya ce, 'Bar ta. Da ita tsohuwa ke jin na taho. In na gyara, da me za ta yi min faɗa?'"

Inna ta nemi benci ba ta sani ba. Ashe goben nan da yake ta faɗa, bai taɓa nufin ta zo ba. Ta gyara mayafinta, don ba kuka ya kawo ta ba.

"To ka sani ke nan. Ka sani, ka cire."

Bakanike kuwa bayanta yake kallo. Ta waiwaya ta ga Auta zaune a kan jan babur, injin na aiki. Ko isowarsa ba ta ji ba.

"Ni na sa shi, Inna. Ya ƙi, na matsa masa."

"Kai?"

Auta ya kashe injin. "Kullum in na shigo ina tarar da ke tsaye a bakin ƙofa, fuskarki a sake. Kina ganin ni ne, sai ta mutu. Kullum, Inna. Na gaji da shiga gida ina wanda ba shi ake jira ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, kuma ba ta san ana gani ba. Amma gaskiyar ba ta mayar mata da komai ba.

"Da bakinka, ɗan nan. Da ka ce min, Inna, abin nan na ci min rai. Sai in ce ka ajiye babur ɗin a zaure, in riƙa buga shi da ƙafata. Amma ka zagaya ta bayana kamar ɓarawo." Ta juya ga bakanike. "Ɗauko min tsohuwar. Ko a ɗaki ne in ajiye ta."

Bakanike ya dubi lungun da yake tara matattun ƙarafa. Wajen a share yake. "Mai sayen ƙarafa ya zo da kurarsa jiya. Ya kwashe duka."

"Ina yake kai su?"

"Manyan motoci ke ɗauka, a kai inda ake narkawa." Ya dubi jan babur ɗin. "In kin yarda, bari in tsaga sabuwar a daidai wajen."

Ta kawar da kai. Ya ɗauki kurfi da guduma ya ɓula sabuwar salansar, Auta ya buga kik. Babur ya ɗauki ihu mai tsaga kunne, har masu shagon gefe suka leƙo. Ba tari, ba gurnani. Hayaniya ce kawai ta kowane babur da ya lalace.

"Kashe," in ji ta.

Ta gyara zama a kan bencin, ta kwance tsumman hannunta, ta ɗora tafin a cinya, ƙunar a waje inda za su gan ta.

"Na binne shi sau ɗaya, ban tuhumi kowa ba, don wanda ya ba ni shi ne ya karɓa. Wannan na biyun kuwa ku kuka yi. Ɗaya ya sani ya cire, ɗaya ya sha nonona ya ba da umarni. Ba inda za ni. Yamma za ta yi yau, ta yi gobe. A cikinku wani ya buɗe baki ya faɗa min abin da zan saurara."