Matashin Gwiwa a Bayan Kujera

"Zo ka taɓa tayar nan, Wongani," in ji Baba Msiska, yana tsugune gefen tsohuwar akori-kurarsa. "Ta sha iska?"

Wongani, maƙwabcinsa direban bas, ya ɗingiso da gwiwarsa mai ciwo ya leƙo ta kan shinge. "Baba, motar da ba ta zuwa ko'ina, me za ta yi da iska? Kaji ma sun fara ƙwai a ƙarƙashinta."

"Za ta je. Ba kai ka ce za ka kai ni Chitipa in ga ƙanwata kafin ruwa ya sauka ba?"

"Asabar mai zuwa, Baba."

Tun da ido ya raba tsohon da tuƙi Asabar ɗin nan take tafe, har yau ba ta iso ba. Shi kuwa bai fasa ba. Kullum da safe sai ya turo kujerar mota gaba ya lalubi abin da ya jera a bayanta: jak, sufana, igiyar ja, jarkar ruwa, tocila, har da soyayyar gyaɗa da yake canjawa in ta yi sanyi. Duk unguwa dariya ake masa, Wongani ne kan gaba.

Ranar wata Laraba Wongani ya dawo aiki ya tarar an jera ɗanyen ganye a kan titi, alamar an yi rashi. Bai tambayi ko gidan wa ba, kukan mata daga gidan Baba Msiska ya gaya masa.

Shi ya tuƙa akori-kurar zuwa Chitipa inda za a binne tsohon, akwatin gawa a baya, matan coci kewaye da shi suna waƙa. Sun wuce Karonga sun hau tsaunuka ke nan taya ta fashe.

"Turo kujerar, ɗana," in ji matar marigayin. "Komai na nan."

Komai kuwa na nan. A ƙarƙashin jak ya ci karo da wani ɗan matashi na buhu, ɗinkinsa a karkace.

"Wannan fa, Mama?"

"Naka ne. Ya ce tsakuwar gefen hanya ba za ta raga wa gwiwarka ba. Da kansa ya ɗinka, ga ido ba gani, duk ya sossoke yatsunsa."

Wongani ya ajiye matashin a kan tsakuwa ya durƙusa, ya ji laushi. Matan suka ɗauko wata waƙar, shi kuwa yana nan durƙushe, sufana a hannu, bai murɗa ba tukuna.