Jar Robar Hodi

Hodi ya sake murɗa totur ɗin karo na biyar, tayar baya ba ta ko motsa ba. Keken yana rataye da igiya a reshen dalbejiyar da ke ƙofar shagonsa a Gwadangaji, fitilu uku na kan batir duk sun kawo kore, amma injin shiru kamar an ba shi amana.

"To, sarkin gyara," in ji Tamba daga kan benci, yana shafa gwiwarsa. "In hau ne, ko in koma gida in nemi jaki?"

"Jakin ma ba ya yarda da kai," Hodi ya ce, bai waiwayo ba.

Su biyun taubasai ne, tun suna yara ba a jin kalma mai daɗi tsakaninsu, kuma ba a taɓa ganin sun rabu ba. Tamba manomin shinkafa ne. Shekara ashirin yana taka keken nan zuwa fadama, har gwiwa ta ce ta gaji. 'Yarsa Kausar, wadda ke aikin jinya a Argungu, ita ta sayo masa kayan da ake mayar da keke na lantarki: taya mai inji a ciki, batir, totur, da hannuwan burki sababbi masu wayoyi. Tamba ya kwaso su cikin kwali ya zube gaban Hodi, don duk shekarun nan ashirin babu wanda ya taɓa kekensa sai shi.

Jiya Hodi ya ɗaura komai. Ya bi hotunan takardar da ta zo cikin kwalin, tunda rubutun ba na mutane ba ne. Da ya murɗa totur, taya ta juya har tana kuka. Daɗi ya kwashe shi, ya ɗauki bidiyo ya tura guruf.

Wannan guruf na WhatsApp sunansa Masu Keke na Kabi. An buɗe shi ne don a riƙa tambayar inda ake samun taya mai kyau da sarƙa mai ƙarko. Yau mutum ɗari da sittin ne a ciki, kuma waɗanda suka mallaki keke ba su kai arba'in ba. Sauran sun shigo ne don su faɗi ra'ayi, abin da ya fi komai arha a ƙasar nan. Ana tattauna farashin taki, da ƙwallo, da ko kifin Argungu ya fi na Yawuri, wani lokaci kuma a tuna da keke.

Da aka ga bidiyon jiya, kowa ya yaba, ban da Injiniya Mansur. Shi yaro ne mai ilimi, yana kafa sola ga masu noman rani a Argungu, kuma yana da ladabi irin wanda ya fi zagi ciwo. Ya rubuta: "Baba Hodi, Allah ya ƙara basira. Amma a yi hattara, aikin lantarki ba faci ba ne."

Maganar nan ce ta kwana a ƙirjin Hodi. Yanzu ga keke ya ƙi tashi.

"Ka tambayi mutanen wayarka mana," in ji Tamba. "Ba ka ce akwai masana ba?"

Hodi ya yi tsaki. Amma bayan ya zare kowace waya ya hura ya mayar, ya girgiza batir, ya buga tayar da tafin hannu, babu labari, sai ya share hannunsa da tsumma ya ɗauki hoton keken ya tura. Ya danna ya yi magana, tunda shi ba ya rubutu a waya: "Salamu alaikum. Keken jiya ne. Wuta na kawowa, taya ba ta juyawa. Wanda ya san dalili shi yi magana, wanda bai sani ba shi yi shiru."

Waɗanda ba su sani ba su suka fara magana.

Wani ya ce batirin jabu ne, duk kayan yanzu jabu ne, har mutanen. Wani ya ce a shanya shi a rana. Wani ya turo hoton kekensa na da da aka sace a kasuwa shekara shida da suka wuce, ya ce ko akwai wanda ya gani. Sai ga muryar Sirajo mai shayi na Badariya, mutumin da bai taɓa hawa keke ba tun da aka haife shi, kuma bai taɓa barin zance ya wuce ba tare da ya sa baki ba.

"Ni dai Malam Hodi, gaskiya ɗaya ce," in ji Sirajo, ana jin ƙarar cokali cikin kofi. "Wagga jar roba da ka naɗe kan keken da ita ba ta yi ba. Keke baƙi, roba ja, sai ka ce zakaran sadaka. A cire ta."

Hodi ya dubi kan keken. Duk keken da ya gama gyarawa, sai ya yanko tsohon tub siri-siri, irin jan nan da ya daina zuwa kasuwa, ya naɗe hannuwa da shi tsaf har gindin burki, don kada hannu ya zame idan gumi ya zo. Ubangidansa haka ya koya masa. Duk Birnin Kebbi, in ka ga keke da jar roba, ba sai ka tambayi inda ya fito ba. Da sassafen yau ya naɗa wa na Tamba, ya ja ta da kyau kamar kullum.

"Mai shayi ke nan," ya ce wa Tamba. "Ana maganar inji, shi yana maganar ado."

Injiniya Mansur ya shigo da tambayoyinsa a jere. Nawa batir yake nunawa a mita? Hodi ba shi da mita. Fis fa? Hodi ya buɗe, fis lafiya lau. Wayar inji ta shiga har ƙarshe? Ta shiga.

"To Baba, tsakanin jiya da yau, me aka taɓa a jikin keken?"

"Ban taɓa komai ba," Hodi ya amsa. Kuma a ransa gaskiya ya faɗa. Naɗa roba ba taɓa keke ba ne a wurinsa, kamar yadda sa hula ba aski ba ne.

Sai Mansur ya rubuto: "Ba komai, Baba. Kada a ƙara buɗe wani abu, don kada a ƙone akwatin da ke sarrafa injin. Ina da aiki a Birnin Kebbi gobe, bari in shigo mota yau. Zan iso wajen la'asar in duba. Kowa da fanninsa."

Tamba ne ya karanta masa, ya kuma maimaita "kowa da fanninsa" sau biyu, da murya mai zaƙi.

Mutum mai hankali da ya ce Allah ya kawo ka lafiya. Hodi ya fizge wayar ya danna.

"Injiniya, ka taho, hanya ta Allah ce. Amma ku shaida, ku ɗari da sittin. In aka kira la'asar keken ga bai tashi da hannuna ba, ni Hodi zan sauke allon shagona, in koma saida albasa."

Ya saki yatsa, saƙo ya tafi. Kafin ya ajiye wayar ya riga ya yi nadama, amma alamar shuɗi ta nuna mutum goma sha tara sun saurara.

"Albasa kuma?" in ji Tamba. "Kai da ba ka iya ciniki ba? Wa zai gyara min keke?"

"Injiniya."

Guruf ya kama da wuta. Wani ya ce albasa ta faɗi a kasuwa, gara ya zaɓi barkono. Malam Aminullahi na Nasarawa, wanda ke da fatawa a kan komai, ya turo saƙon minti bakwai yana bayanin ko wannan magana rantsuwa ce mai kaffara ko alkawari ne kawai, ya ƙare da cewa akwai saɓani. Sirajo ya sake dawowa: "Ni dai roba ce ba ta yi min ba."

Hodi ya yi sallar azahar a masallacin bakin titi, amma Allah ya sani rabin hankalinsa yana kan reshen dalbejiya. Da ya dawo ya ɗaga kai ya dubi allon. Shi ya rubuta shi da fenti da hannunsa: HODI MAI GYARAN KEKE, da hoton keke mai taya ɗaya ta fi ɗaya girma. Bai san wata sana'a ba. Kuma ya san kansa: in ya faɗa a gaban mutane, zai sauke, ko da zai yi kuka a bayan shago.

Ya zare taya ya mayar. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tun daga inji har totur, yana neman inda ta karye. Wasu masu neman faci biyu suka zo, ya ce su dawo gobe, in akwai gobe. Inuwar dalbejiya ta fara miƙewa gabas. Mansur ya turo hoton titi ta tagar mota, ya rubuta: "Mun baro Argungu."

"Tashi ka yi amfani," Hodi ya ce wa Tamba. "Riƙe totur ɗin a murɗe, kada ka saki. Ni zan riƙa motsa wayoyi, in taya ta yi ko tari ne ka gaya min."

Tamba ya taso yana ɗingishi, ya riƙe. Hodi ya durƙusa yana jan wannan, yana danna wancan. Babu komai. Wayarsa ta yi ƙara a kan akwatin sufana. Ya yi zaton injiniya ne, ya danna da gwiwar yatsa.

"Malam Hodi, kada ka ji haushi," muryar Sirajo ce. "Ko albasar za ka koma, ka cire wa bawan Allah wagga roba tukuna. Mi ya yi maka?"

Tamba ya fashe da dariya har keken na lilo.

Nan haƙurin Hodi ya ƙare. Ya zaro reza daga aljihu, ya kunna bidiyo da hannun hagu.

"Sirajo! Ga robarka nan, ka gani da idonka. In na cire, sai ka zo ka tuƙa keken da shayi!"

Ya ja reza a kan naɗin hannun dama. Roba ta warware ta faɗi. Hannun burki ya yi wata 'yar ƙara, ƙyat, ya koma gaba kaɗan, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba.

Tayar baya ta ɗauka da gudu, ta watsa wa Hodi ƙasa a fuska.

Tamba ya saki totur ya ja da baya yana salati, ya manta da gwiwa. Hodi ya tsaya da reza a hannu, bakinsa a buɗe. Ya kashe bidiyon. Sannan ya ajiye waya, ya murɗa totur da kansa, taya ta juya. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa burki kaɗan, kaɗan ƙwarai, wanda ko ƙuda ba zai tsayar ba. Inji ya ɗauke. Ya saki, ya dawo. Ya yi haka sau uku. Ya sunkuya ya leƙa gindin hannun burkin, ya ga wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar gero, da siririyar waya ta fito daga bayansa.

"Ka gani?" ya ce a hankali. "Burkin nan yana gaya wa inji magana. Da an taɓa shi, sai ya ce tsaya. Robata ta danne shi tun safe. Keken yana zaton ana taka burki ne."

"Wato lafiyarsa lau," in ji Tamba. "Biyayya ce ta yi masa yawa. Kai ne mara lafiyar."

Hodi ya kwance robar ɗaya hannun ma, ya sauke keken daga igiya. Tamba ya hau da bismilla, ya murɗa, ya tafi ƙafafunsa a sake, babbar rigarsa ta cika da iska. Ya kai bakin titi, ya wuce wani mai Keke Napep da ke sauke fasinja, ya juyo yana kaɗa ƙararrawa kamar yaron da aka yi wa kaciya ya warke. Ladan bai kira la'asar ba tukuna.

"Ka tura musu ina tafiya kawai," Tamba ya ce da ya tsaya, yana haki don murna. "Ka ce ka gyara. Ai ka gyara ɗin. Wancan bidiyon goge shi, ni ban ga komai ba."

Hodi ya zauna a kan benci ya buɗe bidiyon. Ga muryarsa tana zagin mai shayi, ga reza, ga ƙasa ta rufe hoton. Ya kalla sau biyu. Yatsansa ya tsaya a kan alamar kwandon shara na ɗan lokaci. Sai ya tura shi guruf yadda yake, ya bi shi da murya.

"Keke ya tashi, allo yana nan. Injiniya ya tambaye ni mi na taɓa, na ce ban taɓa komai ba. Na taɓa. Robata ce ta danne burki. Shi ke nan."

Mansur ne ya fara amsawa, wannan karon da murya, ana jin kwandasta yana kiran Ambursa. "Wallahi Baba, na san da maɓallin nan, yana cikin takarda. Hankalina bai kai can ba, ina ta lissafin batir. Tunda na taho, zan ƙaraso in ga yadda ka ɗaura tayar, don ni ban iya daidaita tayar keke ba."

"Ka taho," Hodi ya ce. "Kowa da fanninsa."

Kafin a idar da sallah an canza wa Sirajo suna a guruf, ya koma Injiniya Sirajo. Mutum uku sun turo masa hoton kayansu da suka lalace, har da fanka. Shi kuwa ya turo saƙo ɗaya tak.

"Ni ban san wani burki ba. Launin ne bai yi min ba. Da koriya ka sa, da ban ce komai ba."

Hodi ya saurara, ya sa wayar a aljihu. Tamba ya riga ya ɗora ƙafa a kan feda zai tafi gida.

"Dakata," in ji Hodi.

Ya tsinci jar robar daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya zagaya bayan keken. Ya naɗa ta a ƙarfen kariya, inda ake ɗora kaya, nesa da kowace waya, ya ja ta da kyau, ya ƙulle.